Yadda Za a Kula da Ɗan Barga da Mahayin Sukuwa

Mai doki a Kano ba ya wasa da harawa, dusa da kanwa. Amma yaron da ke kwana a barga, ya wanke dokin, ya fita da shi kilisa, ya hau shi a Filin Sukuwa, shi ma yana da nasa tanadin, kuma kafin ranar gasa ake yin sa.

A fara da kuɗi. Maigida ya yanka albashi a gaban shaidu biyu, a kuma faɗi wanda zai biya magani in an ji rauni. Tukuici daban, albashi daban. Masu barga na unguwa ɗaya su haɗa asusun jinya, amma kada a mayar da shi adashe, domin adashe kwasa ake yi, ranar da ƙafa ta karye sai a tarar babu ko sisi.

Majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi a jikin doki, sau biyu ake duba shi. Doki kan kumbura ciki lokacin da ake ɗaura sirdi, in ya taka na minti 5 sai majayin ya saki, sirdi ya juya da mahayi. Takalmi ya zama mai dunduniya; da silifas ƙafa kan zarce cikin likkafa, doki ya ja mutum a ƙasa. Hular kwanon da ba a ɗaure igiyarta ba ado ce kawai, wadda kuma ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi a canza ta ko ba ta tsage ba.

In mahayi ya faɗi, a nan jama'a suka fi yin ɓarna. Nan da nan sai a rufa masa, wani ya ɗaga shi zaune, wani ya ɗura masa ruwa, wani ya kira babur. Kada a yi ko ɗaya. Mutum ɗaya ya kama dokin, wani ya durƙusa ya riƙe kan yaron da hannu biyu kada wuya ya motsa. A tambaye shi sunansa da inda yake, a ce ya motsa yatsun ƙafa. In akwai ciwon wuya ko mutuwar gaɓa, a kwance a kan katako za a ɗauke shi. Amai, ruɗewa, ko barcin da ya ƙi sakinsa alamun bugun ƙwaƙwalwa ne, sai asibiti. Ko ya miƙe yana cewa “ba komai, Alhaji”, ya gama hawa a ranar. Karaya kusa da gaɓa, ko wadda ƙashi ya huda fata, ta Asibitin Ƙashi na Dala ce, ba ta mai ɗori ba.

A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka atisaye da sassafe. A ajiye ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaron da ke shan Tramadol don ya danne ciwon baya likita yake bukata, ba kora ba.

Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora tana zaune a kashin doki. Kowane ɗan barga ya yi allurar rigakafinta, a sabunta duk shekara 10, ko a take in ƙusa ta soke shi alhali ya haura shekara 5 bai yi ba.