Sayen sisin gwal na tarihi karon farko: abin da za ka auna kafin ka biya

Abin da ake kira sisin gwal a shagunan 'yan gwal iri biyu ne. Akwai wanda gidan buga kuɗi na gwamnati ya buga, mai shekara da awo sananne, akwai kuma wanda maƙeran zinare suka kwaikwaya don sadaki da kayan lefe. Na biyun ma yana iya zama zinare na gaske, amma darajarsa ba ta wuce nauyinsa ba. Mai son ajiye tsabar tarihi na farkon yake nema, kuma shawararmu ga sabon shiga ita ce ya fara da fam ɗin zinare na Ingila, wato Sovereign, na shekarar da aka buga da yawa. Awonsa a rubuce yake, kuɗinsa bai yi nisa da kuɗin zinaren da ke cikinsa ba, kuma daga Landan har Dubai ba ka rasa mai saye ranar da ka tashi sayarwa.

Ka haddace awon tukuna. Tun 1817 da aka fara buga shi a wannan siffa, nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa wajen milimita ɗaya da rabi. Karat 22 ne, ma'ana zinare tsantsa da ke ciki giram 7.32, sauran galibi jan ƙarfe ne da aka gauraya don ya jure yawo a aljihu. Akwai rabinsa mai giram 3.99 da faɗin milimita 19.3, kuma a hoton waya ba ka bambance su, don haka ka tabbatar wanne ake yi maka talla. Sisin gwal na Saudiyya, wato gini, na 1370 Hijira, wanda alhazai suka sani, a kan wannan awo aka buga shi, sai dai kwaikwayonsa ya cika kasuwa, bai dace da sayen farko ba.

Da wannan awo kake fitar da farashi da kanka kafin ka shiga ciniki. Ana faɗin farashin zinare na duniya ne a kan oza, ozar zinare kuwa giram 31.1 ce. Ka duba farashin ranar, ka ninka shi da 0.2354. Misali, in oza tana dala 4,000, zinaren da ke cikin Sovereign ɗaya ya kama dala 942. Duk abin da aka ɗora a kai ribar mai shago ce da kuɗin tarihi. A kan tsaba gama-gari, in ƙarin ya haura kashi 10 cikin 100, ka nemi dalili. In kuwa an sallama maka ƙasa da kuɗin zinaren, ka tashi ka tafi. Ba wanda ya san gwal da zai sayar da shi ƙasa da abin da maƙeri zai biya ya narkar, araha irin wannan ba ta ado.

Wace shekara za ka zaɓa? Na Sarki Edward na Bakwai, 1902 zuwa 1910, da na George na Biyar daga 1911 an buga su miliyoyi, ga shekaru ɗari ko kusan haka a kansu, ga sauƙin farashi. Na Sarauniya Elizabeth ta Biyu na tsakanin 1957 da 1968 su ma suna da yawa, kuma yawanci ba su goge ba domin ba su taɓa yawo a matsayin kuɗin cefane ba. Na Sarauniya Victoria sun fi jan ido, musamman masu garkuwa a baya maimakon mahayin doki, amma a nan farashi ya fara dogara da ƙananan bambance-bambancen da sabon ido ba ya gani. Ka bar su sai saye na biyu ko na uku.

Yanzu ka juya tsabar ka dubi bayanta da gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, mai ninki goma. Za ka ga waliyyin Kiristoci Saint George a kan doki yana fafatawa da dodo, zanen Benedetto Pistrucci. A tsabobin Edward da George, ka dubi ƙasar da ke ƙarƙashin kofaton doki, daidai saman shekara. A nan ake sa ɗan harafin da ke nuna inda aka buga: S na Sydney, M na Melbourne, P na Perth, duka a Ostireliya; C na Ottawa a Kanada; I na Bombay a Indiya, a 1918 kaɗai; SA na Pretoria a Afirka ta Kudu, daga 1923 zuwa 1932. In babu harafi, bugun Landan ne. Wannan ɗan harafi yana iya ninka farashi sau da yawa, shi ya sa 'yan damfara suke wasa da shi. Bugun Landan na 1917 yana da wuyar samu ƙwarai, sai a ɗauko na Ostireliya na shekarar a kankare harafin. In wurin ya yi santsi ko ya lotsa fiye da kewayensa, an taɓa shi. Haka kuma shekara da harafi dole su dace: tsaba mai SA da ke ɗauke da 1915 jabu ce ko da zinarenta ya cika.

Kayan awo uku suka wadatar, kuma kuɗinsu duka bai kai ƙarin da za a ɗora maka a tsaba ɗaya ba: sikelin dijital mai nuna giram har 0.01, ma'aunin faɗi da kauri irin na makanikai, da maganaɗisu mai ƙarfi. Tsohuwar tsaba da ta sha hannu tana iya sauka zuwa 7.94, ƙasa da haka, ko dai ta goge sosai ko ba ita ba ce. Muhimmin abu shi ne nauyi da faɗi da kauri su dace a lokaci ɗaya. Zinare ya fi yawancin ƙarafa nauyi, saboda haka tagullar da aka yi wa ruwan gwal, in girmanta ya yi daidai, nauyinta bai fi giram 4 ba; in kuma an cika nauyin, sai ta yi kauri. Maganaɗisu baƙin ƙarfe da makamantansa kawai yake tonawa. Rashin kamawarsa ba shaidar zinare ba ce.

Jabun da ya fi wahalar ganewa shi ne na zinare mai ƙarancin karat. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce an buga irinsu da yawa a Italiya da Gabas ta Tsakiya, har yana cikin dalilan da suka sa Ingila ta koma buga na ainihi a 1957. Gwajin ruwa yana taimakawa a nan. Ka ɗora ƙaramin kofin ruwa a sikeli, ka mayar da shi sifili, ka ɗaure tsabar da siririn zare ka nutsar da ita ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Karat 22 zai nuna kusan giram 0.45 ko 0.46 a sikelin. In ya kai 0.51, kana riƙe da wani abu kusa da karat 18. Sannan ka bi rubutun da gilashi: haruffan ainihi suna da kaifi, tsagin baki a jere yake daidai, filin tsabar ba shi da ƙuraje ko ƙananan ramuka irin na abin da aka zuba a mazubi. Wasu maƙeran na Gabas ta Tsakiya ma ba sa ɓoyewa, sukan buga 21 ko 22 ƙanana a jiki. Sovereign na gaskiya ba ya ɗauke da lambar karat.

Kada ka yarda a goga tsabar a dutsen gwaji ko a ɗiga mata ruwan asid kamar yadda ake yi wa sarƙa. Tabon da zai bari ya isa ya mai da ita kayan narkarwa. Na'urar gwajin zinare ta haske da manyan shaguna ke amfani da ita ba ta lahani, sai dai saman ƙarfe kawai take karantawa, don haka ba ta maye gurbin sikeli.

Ko tsabar ta tabbata ta ainihi, sauran lafiyarta. Da yawa an taɓa sa su a zobe ko abin wuya. Ka zagaya bakin gaba ɗaya, musamman saman kan sarki, ka nemi alamar walda ko inda tsagi ya baje. Wadda aka goge da man goge ƙarfe takan yi ƙyalli kamar madubi, amma a gilashi za ka ga siraran layuka duk sun nufi gefe guda. Masu tara tsaba ba sa biyan kuɗin tarihi a kan irin wannan. Gara mai ɗan duhu da ba a taɓa ba. Kai ma in ka saya, kada ka wanke, kada ka goga. Ka riƙe ta ta baki, ka sa ta a ɗan gidan roba mai tauri daidai girmanta.

Akwai tsabobin da kamfanonin tantancewa na Amurka, NGC da PCGS, suka rufe a cikin roba da maki daga 1 zuwa 70. Kowace tana da lamba da za ka shigar a shafinsu na intanet ka ga ko bayanin ya dace da abin da ke hannunka, domin robar ma ana yin jabunta. Ga tsaba mai tsada wannan kariya ce. Ga Sovereign gama-gari, kuɗin robar kawai za ka biya.

Wajen saye, ka zaɓi shago mai mazauni, ba mai talla a WhatsApp da ke cewa ka tura kuɗi a aiko maka ba. Dama a shari'a cinikin zinare hannu da hannu ne, ba bashi ba jinkiri, kuma wannan ƙa'ida tana ba ka damar aunawa kafin kuɗi su fita. Mai shagon da ya hana ka ɗora tsaba a sikelinka ya riga ya ba ka amsa. Rasit ya ƙunshi sunan tsabar, shekara, harafin gidan bugu, nauyi da karat. "Gwal giram 8" kawai ba ya kare ka in rigima ta taso. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka tambaye shi nawa zai saye ta in ka dawo da ita gobe. Tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce ainihin abin da sayen ya ci maka, kuma in ya ce a kan nauyi kaɗai zai karɓa, to kai ma kada ka biya shi kuɗin tarihi.