Kafin komawa gidan dattawa a yammacin Amurka

Duk wanda ya yi ritaya kuma yake shirin komawa gidan dattawa a wani ƙaramin gari na jihar Wyoming ko Montana, ina ba shi shawara ya fara ziyartar garin a watan Janairu, domin a lokacin ne zai ga yadda dusar ƙanƙara take toshe hanya. Gidajen shirin Section 202, wato shirin gwamnatin Amurka na samar wa dattawa gidaje, suna karɓar masu ƙaramin ƙarfi 'yan shekara 62 zuwa sama, haya kuma takan kama kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shiga, sai dai layin jira yakan yi tsawo, don haka a rubuta suna da wuri. A kuma auna nisan babban asibiti, domin, alal misali, daga garin Cody na Wyoming zuwa birnin Billings na Montana, inda manyan asibitoci suke, tafiyar kusan awa biyu ce a mota.