Kurakuran da baƙo ke yi a Louvre, da yadda zai kauce musu

Ranar Talata Louvre, babban gidan kayan tarihi da zane-zane na Paris, a rufe yake. Akwai masu ware yini guda tak a Paris saboda wannan gida, su yi sammako, su iso bakin dalar gilashin da ake shiga ta cikinta su tarar da ƙofa a garƙame. Gidan zane na Orsay da ke tsallaken kogin Seine kuwa Litinin yake hutu, haka ma gidan sassaƙe-sassaƙen Rodin. A duba ranakun tun kafin a tsara tafiya. Tikiti kuma a saya ta intanet a shafin gidan na ainihi, a zaɓi lokacin shiga. Wanda ya tare ka a waje yana tallar tikitin tsallake layi, ka yi masa fatan kasuwa ka wuce. Yaran da ba su kai shekara 18 ba kyauta suke shiga ko daga wace ƙasa suka zo, amma a riƙe fasfonsu a hannu.

Kuskure mafi girma shi ne son ganin komai. Abubuwan da aka baje a Louvre sun kai kusan 35,000. Ko rabin minti ka ba kowanne, sai ka shafe sama da kwana 12 ba barci ba cin abinci. Wanda ya ce zai haɗiye gatari sai a riƙe masa ƙota, amma abin da ke faruwa sananne ne: awa biyu ƙafa ta ɗauki zafi, ido ya gaji, zanen da aka yi shekaru ana yi sai ya zama bango kawai ake wucewa. Gidan ɓangare uku ne, Denon da Sully da Richelieu. Zaɓi ɗaya, ka fitar da ayyuka biyar ko shida tun daga masauki, ka karɓi taswira a ƙofa, sauran ka yafe.

Yawancin mutane zanen matar nan Mona Lisa suke nufa kai tsaye, kuma yawancinsu da ɗan guntun takaici suke fitowa. Tsayinta santimita 77 ne, faɗi 53, a kan katako aka zana ta, tana bayan gilashi, tsakaninka da ita ga shinge ga wayoyi a sama. Wani kaso na sunan da ta yi ma sata ce ta jawo shi: a 1911 wani ɗan Italiya mai suna Vincenzo Peruggia ya fice da ita, ba a same ta ba sai 1913. Je ka gan ta, ba laifi. Kuskuren shi ne ka fita daga ɗakin ba ka waiwaya ba. A bangon da ke fuskantarta akwai zane mafi girma a duk gidan, bikin auren Kana na mai zane Veronese, faɗinsa ya kusa mita 10, da mutane sama da 100 a ciki, ga makaɗa a tsakiya, ga masu zuba abin sha, ga karnuka a ƙasa. A Venis aka zana shi a 1563, sojojin Napoleon suka kwaso shi a 1797. Jama'a na ba shi baya suna ɗaukar hoto.

Wani kuskuren shi ne kallo ba tare da sanin labari ba. Taku kaɗan daga nan, a ɗakin nan mai jan bango, akwai zanen da Géricault ya yi na mutanen jirgin ruwan Méduse. Wanda bai sani ba zai ga tulin jikuna cikin duhu ya wuce. To, a 1816 jirgin ruwan Faransa ne da ya nufi Senegal ya kafe a gaɓar Muritaniya, saboda an damƙa shi ga kyaftin da ya samu muƙami ta hanyar siyasa. Aka ɗora mutum kusan 150 a kan katakan da aka ɗaɗɗaure, aka bar su a teku. Bayan kwana 13, mutum 15 aka tarar da rai. Ja da baya tukun, ka bar idonka ya taso daga ƙasa ta hagu, inda dattijo ya yi tagumi da gawar saurayi a cinyarsa, ya hau ta kan hannayen da ke miƙe, har can ƙololuwa inda wani baƙar fata ya ba ka baya yana kaɗa ƙyalle. Sannan ka matso ka nemi abin da yake kaɗa wa. Jirgin ceton ɗan ɗigo ne can nesa inda teku ya haɗu da sama, sai ka ƙura ido za ka gan shi. A ganina minti goma a gaban wannan ya fi awa guda na yawo.

Akwai kuma masu shiga gidan da ba shi ba. Zane-zanen Louvre kusan a 1848 suka tsaya. Mai neman Van Gogh, ko tarin ayyukan Monet da Renoir, Orsay zai je, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka mayar gidan zane a 1986.

Maganar da ba a cika faɗa wa mutanenmu ba ita ce tsiraici. Mutum-mutumin Girkawa da Rumawa na marmara galibi ba sutura, zane-zane da dama ma haka. Wanda ya taho da iyali ko surukai bai shirya ba, zai sha sunkuyar da kai. Gyaran shi ne a san hanya tun kafin a shiga. Ba za a kauce wa abin gaba ɗaya ba, amma ana iya rage shi sosai, kuma akwai sashen fasahar ƙasashen Musulmi da aka buɗe a 2012, mai ɗauke da dardumai da tasoshin tagulla da tangaran.

Kada a taɓa komai, ko da marmara ce mai kama da ba abin da zai same ta. Maiƙon hannu yana ɓata ta a hankali. An yarda da ɗaukar hoto, ban da filasha da sandar salfi. Babbar jaka ba ta shiga, don haka kada a biyo da akwati a kan hanyar filin jirgi. Waya da walat su zauna a aljihun gaba, musamman a cunkoson Mona Lisa, don 'yan sane sun taɓa addabar gidan har ma'aikata suka yi yajin aiki a 2013.

Sai sallah. Kada ka sa ran samun masallaci a ciki, kuma idan ka fita tikitinka ya ƙare. Shiga da safe, ka fito kafin Azahar ta kuɓuce, ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7 daga tashar Palais Royal zuwa Place Monge. Tasha shida ce, daga nan Babban Masallacin Paris tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.