Kana Son Komawa Tsara Wasannin Bidiyo? Ga Ta Inda Za Ka Faro a Legas

Ɗan'uwa, kar ka ajiye aikinka tukuna. Mai gidan haya a Agege ko Idi-Araba ba zai jira ka gama koyo ba, sana'ar nan kuma ba ta saurin kawo kuɗi. Ni gyaran waya nake yi a Computer Village da ke Ikeja, sai na rufe shago nake zama koyo da daddare.

Mai tsara wasa ba lallai ne ya iya zane ba. Aikinsa kafa dokoki: me ɗan wasa zai yi, me zai ci, me zai hana shi ajiye wayar. Shi ya sa nake cewa a faro da dara. Ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawarsa. Canza doka ɗaya tak, misali sai an jera huɗu, ka kai majalisa a buga. Kai dai ka yi shiru kana kallo. Inda aka fara gardama da inda aka fara hamma, duk ka rubuta. Rabin aikin ke nan.

Sai manhajar da ake haɗa wasa da ita. Godot kyauta ce, ba ta da nauyi, kwamfutar tokumbo ma za ta ɗauka. Unity da yaren kwamfuta na C# take aiki, masu haɗa wasannin waya da yawa ita suke amfani da ita, don haka mai neman a ɗauke shi aiki ya koye ta. Unreal kuwa bar ta sai ka samu na'ura mai ƙarfi.

Ka haɗa ƙaramin wasa ka gama shi, ko na minti uku ne, ka ɗora a itch.io, shafin intanet na wasanni, kyauta. Google Play kuwa dala 25 ake biya, sau ɗaya. Duk watan Janairu ana yin Global Game Jam, inda ake haɗa wasa cikin awa 48. Je ka, ko ba ka san kowa ba.

Nan Legas akwai kamfanin wasanni na Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, su ne suka fara shirin horaswa na GameUp Africa a 2021. Ka riƙa duba lokacin da suke buɗe rajista. In za ka nemi aiki, tura wasa biyu da za a iya bugawa, kowanne da shafi ɗaya na abin da ka gyara bayan gwaji da dalilin gyaran.