Tallafin Karatun Jami'a a Amurka: Wanne Za Ka Fara Karɓa?

Idan iyaye suka kawo mini takardar tallafin da jami'a ta aiko wa ɗansu, abin da nake fara yi shi ne in ɗauki biro in raba kuɗin gida uku: na kyauta, na gumi, da na bashi. Makarantu da yawa kan haɗe su a jimla guda, sai uba ya ga adadi mai tsoka ya yi ta hamdala, alhali rabinsa rance ne.

Kafin takardar ta zo ma, sai ka cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya da yawanci ake buɗewa ranar 1 ga Oktoba. Ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya nemi kuɗi kafin ya ba ka fom ɗin, ka kama gabanka. Kuɗin shigar iyaye na shekara biyu baya ake dubawa. Ka cike da wuri, domin wasu kuɗaɗen idan sun ƙare sun ƙare, kamar tallafin FSEOG, wato kyautar gwamnati ga ɗalibai masu tsananin buƙata, na dala 100 zuwa 4,000 a shekara. Wasu jami'o'i masu zaman kansu kuma sai ka ƙara musu da fom ɗin CSS Profile.

Na kyauta shi ne farko. Babbansu tallafin Pell, wanda ya samo asali a 1972 kuma aka sa masa sunan Sanata Claiborne Pell. Na 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma a zangon 2024 zuwa 2025 iyakarsa dala 7,395. Ba a mayarwa, sai dai ba ya wuce kimanin shekara shida, kuma idan sakamakonka ya lalace a dakatar da shi. Akwai kuma sikolashif na hazaƙa, ko wasanni, ko wani fanni. A nan ka yi tambaya ɗaya ƙwaƙƙwara: na shekarar farko ne kawai, ko har ka gama? Idan ana sabuntawa, wane maki ake so ka riƙe? Wannan tambayar ta fi adadin kuɗin muhimmanci a wurina.

Na gumi shi ne shirin aiki da karatu, inda za ka yi 'yan sa'o'i a ɗakin karatu ko wani ofishin makaranta a biya ka albashi. Adadin da aka rubuta ba a hannunka yake ba, sai ka nemi aikin ka yi shi.

Bashi kuwa shi ne ƙarshe, kuma shi ma hawa-hawa ne. Rancen gwamnati iri biyu ne ga ɗalibi. Akwai wanda gwamnati ke ɗauke maka kuɗin ruwansa muddin kana karatu, har wata shida bayan ka gama. Ɗayan kuwa tun ranar da aka fitar da kuɗin ruwa ke taruwa a kansa. Ɗalibin aji ɗaya da ke ƙarƙashin iyaye ba ya wuce dala 5,500, kuma 3,500 ne kawai a ciki za su iya zama irin na farko. Ba dole ba ne ka karɓi duk abin da aka yi maka tayi. Kana da ikon ragewa ko ƙi gaba ɗaya, abin da masu gudun kuɗin ruwa ya kamata su sani. Rancen banki, ni dai ba na ba da shawararsa sai in babu makawa, don galibi sai wani ya tsaya maka, in ka kasa biya shi za a bi bashin.

Wanda ya shigo da bizar ɗalibi ba ya cikin tallafin tarayya, sai ɗan ƙasa, mai katin zama na dindindin, da irin su 'yan gudun hijira. Mai bizar ɗalibi sai ya rubuta wa ofishin tallafi na jami'ar kai tsaye, ya tambayi abin da suke ware wa baƙi daga aljihunsu.