Yadda Ake Samun Kuɗi Da Shafin Intanet Mai Ƙarancin Maziyarta

Yawancin masu shafi da tallar Google suke fara neman kuɗi. A liƙa AdSense, wato tsarin tallar na Google, a naɗe hannu ana jiran ƙarshen wata. Kafin ka bi sahunsu, ɗauki biro ka yi lissafi. Ana auna kuɗin irin wannan talla ne da abin da ake samu duk lokacin da aka buɗe shafi sau dubu. A ce ana buɗe naka sau 5,000 a wata, a kuma ce kowane dubu yana kawo dala 2. Dala 10 ke nan. Google kuwa ba ya sakin kuɗi sai sun kai dala 100, wato wata goma kana hangen kuɗinka daga nesa. Wannan ciniki na masu taron jama'a ne. Kai da ba ka da taro, jarinka shi ne sanin su wane ne ke karanta ka, da kuma yardar da suka yi da maganarka.

Don haka ka fara da sanin abin da ke kawo su. Haɗa shafinka da Google Search Console, kyauta ne, zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗo wurinka. A ce shafinka na gyaran keke ne. Za ka ga wani ya rubuta "yaushe aka ƙirƙiri keke", wani kuma "wace taya ce ta fi ƙarko a hanya mai duwatsu". Na farko zai karanta ya wuce abinsa. Na biyu tayarsa ta riga ta fashe, hannunsa na cikin aljihu. Ware rubuce-rubucenka da ke jawo irin wannan na biyun, ko da uku ne ko huɗu. A kansu za ka yi duk sauran aikin.

Sai dillanci. Kamfani zai ba ka mahaɗi (link) na musamman, duk wanda ya bi ta kai ya yi sayayya a ba ka la'ada. Tsarin Amazon, wato Amazon Associates, tun 1996 yake, amma ka san sharuɗɗansa kafin ka shiga: sai mutum ya saka kayan a kwandon sayayya cikin awa 24 da danna mahaɗin kafin a lissafa maka, kuma sabon shiga dole a yi ciniki uku ta hannunsa cikin kwana 180, in ba haka ba a rufe asusun. Ga ƙaramin shafi wannan ba wasa ba ne, shi ya sa bai kamata ka yi rajista ba sai rubutun da za ka saka mahaɗin ya fara samun masu karatu. Duba kuma ƙananan kamfanonin da ke fanninka. Wasu masu manhajar da ake biya wata-wata suna ci gaba da ba da la'ada muddin wanda ka kawo bai daina biya ba.

A nan ne mutane da dama ke ɓata rawarsu da tsalle. Su yabi abin da ba su taɓa riƙewa ba, su cika rubutu da "saya yanzu". Mai karatu ba yaro ba ne. Faɗi aibin kayan kamar yadda ka faɗi amfaninsa: tayar tana da ƙarko, amma tana da nauyi, kuma saka ta sai an yi gumi. Wannan jimla ɗaya ta fi yabo goma sa mutum ya yarda da kai. Ka kuma rubuta a fili cewa kana samun la'ada, sannan ka sa wa mahaɗin alamar tallafi (rel="sponsored", mai nuna cewa mahaɗin na talla ne) da Google ya fito da ita a 2019, don kada injin bincike ya ɗauka sayar da mahaɗi kake yi.

Bayan haka, nemi mai talla da kanka. Shirya takarda shafi ɗaya: yawan maziyarta a wata, ƙasashen da suke, batutuwan da suka fi karantawa. Kada ka ƙara gishiri a alƙaluma, ana iya cewa ka nuna hoton allo. Aika wa masu sayar da kayan fanninka, ka yi musu tayin gurbi ɗaya a kan kuɗi tsayayye na wata. Mai sayar da kayan keke ya fi buƙatar mahaya 500 a kan 'yan kallo 50,000. Da yawa ba za su amsa ba. Ɗaya kake nema.

Ni dai a ganina, mafi tsoka shi ne ka sayar da abin da ka haɗa da hannunka. Duba tambayar da ake yawan maimaita maka. Idan mutum biyar sun tambaye ka yadda ake daidaita giyar keke, to ga hajarka nan: ɗan littafin PDF mai hotuna, ko bidiyo, ko ganawar rabin awa ta waya. Koma kan lissafin farko. Mutum 20 su sayi littafin a kan dala 5, ka haɗa dala 100 ɗin da talla za ta ɗauki wata goma kafin ta tara, ko da yake masu karɓar maka kuɗi za su cire ladansu. Kafin ka ɓata makonni kana rubutawa, sanar da shi tukuna ka ga mutum nawa za su bar adireshin imel suna jira. In babu ko ɗaya, ka huta.

Tallar Google ta zo daga ƙarshe, a kan rubuce-rubucen da ba sa sayar da komai, irin na tarihin keken nan. Tabbatar harshen da kake rubutu da shi yana cikin jerin waɗanda AdSense ke karɓa, domin ba kowane ba ne. Kada ka danna tallarka, kada ka roƙi abokai su danna maka. Google na ganewa, kuma hukuncin na iya kai wa ga rufe asusun da kuɗin da ke ciki. Rubuce-rubucen nan uku ko huɗu da ka ware tun farko kuwa, ka bar su babu talla, kada tallar wani ta janye maka mai sayen da ya riga ya iso ƙofa.