Yadda Ake Kiwon Kifin Oscar a Jos

Wanda zai kiwata Oscar, babban kifin ado daga kogin Amazon, ya tanadi akwatin gilashi mai cin aƙalla lita 280 don kifi ɗaya, domin tsawonsa yakan kai santimita 30. Kifi ne mai yawan ci da yawan kashi, saboda haka a sa na'urar tacewa wadda za ta juya ruwan sau biyar a awa, sannan a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. A Jos, inda sanyin hunturu ba wasa ba ne, dole a sa hita ta riƙe ɗumin ruwan a digiri 24 zuwa 27. Kada a haɗa shi da ƙananan kifaye, domin duk wanda ya shiga bakinsa zai haɗiye shi. Babban pleco, wani kifin ado mai taurin jiki da ke zama a ƙasan akwatin, ya fi dacewa da zama tare da shi.